Masaƙa da Maƙera a Cikin Sunayen Mutanen Ingila

Duk wanda ya yi boko ya sha cin karo da sunaye irin su Cooper da Fletcher da Walker, amma da wuya ya san cewa mai haɗa gangar katako da mai gyaran kibiya da mai tattaka tufa yake ambata. Galibin Turawan ma ba su sani ba. Waɗannan tsofaffin kalmomin sana'a sun cancanci a karanta su kamar yadda ake karanta kundin tarihi, domin marubutan zamanin da sun shagala da sarakuna da yaƙe-yaƙe, su kuwa kalmomin nan labarin masu aikin hannu suka adana. Sunan gado ya fara kafuwa a Ingila ne bayan mamayar Normawa ta 1066, kuma zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun riga sun samu nasu. Ke nan abin da ya daskare a cikin sunayen shi ne kasuwar wancan zamani.

Ulu shi ne arzikin Ingila a lokacin, har yau ma shugaban Majalisar Dattawanta a kan matashin ulu yake zama, kuma harshen Turanci ya nuna hannu nawa tufa ke bi kafin ta kai kasuwa. Webster masaƙi ne, Lister marini, Sherman kuma mai aske gashin da ya yi tsiri-tsiri a jikin tufa. Tsakanin saƙa da askin akwai wani aiki mai wuya: a jiƙa tufar a ruwa da wata irin laka mai tsotse maiƙo, a yi ta tattakawa har ta yi kauri. Wannan aiki ɗaya sunansa uku, Fuller a kudu da gabas, Tucker a kudu maso yamma, Walker a arewa. Na ukun ma'anarsa mai tafiya, domin da ƙafa ake aikin kafin injin ruwa ya karɓe shi. Haka ma kayan yaƙi: Bowyer ke sassaƙa baka, Stringer ya murɗa tsarkiya, Arrowsmith ya ƙera bakin kibiya, Fletcher ya haɗa sandarta da gashin tsuntsu. A 1371 masu kibiya na Landan suka ware daga ƙungiyar masu baka. Al'ummar da ta raba makami ɗaya ga gwanaye huɗu ba da wasa ta riƙe shi ba, kuma maharbanta sun nuna haka a yaƙin Ajinku na 1415.

Wasu kalmomin ba su tsaya a suna ba, ma'ana suka sauya, kuma sauyin kansa shaida ne. Spinster asalinta mai kaɗi ce. Da yake kaɗi shi ne abin dogaron matan da ba su da miji, sai a ƙarni na 17 kalmar ta koma laƙabin macen da ba ta taɓa aure ba a takardun shari'a, kuma ba a cire ta daga rajistar aure a Ingila ba sai 2005. Journeyman daga kalmar Faransanci mai nufin yini ta fito, wato wanda ya gama koyo yana karɓar ladan yini a wurin maigida. Milliner ɗan kasuwar kayan Milan ne kafin ya zama mai ɗinkin hular mata, cordwainer kuwa mai takalmi ne da fatar Kurɗuba ta Andalus. Hanyoyin fatauci ke nan a cikin kalma.

Za a iya cewa suna ba hujja ba ce, tunda ana gadonsa ko an bar sana'ar. Gaskiya ne: Thatcher na nufin mai baibayar jinka, amma Margaret Thatcher ba ta taɓa baibayar jinka ba, sunan ma na gidan mijinta ne. Akwai kuma masu tushe biyu, kamar Barker, da ke iya zama majemi mai aiki da ɓawon itace ko makiyayin tumaki. Amma wannan gargaɗi ne a kan yanke hukunci game da mutum ɗaya. Idan aka tara dubban sunaye daga takardun harajin kai na 1377 zuwa 1381, aka ga inda kowanne ya yi yawa, taswirar sana'a da karin harshe na fitowa fili. Yawan Smith, wanda ya fi kowane suna a Ingila, bai rasa nasaba da cewa kusan kowane ƙauye na buƙatar maƙeri.

Wani kuma zai ce mai koyon Turanci ba ya buƙatar kalmar da ba a ciniki da ita. Don sayen burodi, ba ya buƙata. Amma wanda ya san wright na nufin mai ƙira zai gane Cartwright mai ƙera amalanke ne, ya kuma gane dalilin da ya sa ake kiran marubucin wasan kwaikwayo playwright: Turawa sun ɗauke shi a matsayin mai sana'ar hannu, mai auna katako ya haɗa. Talakawan da suka tufatar da Ingila ba su bar littafi ba, kuma waɗannan kalmomi su ne kusan duk abin da suka rubuta.