Walki, Layu da Wandon Talabijin

Tambayi duk wanda ya taso a Jos a shekarun 1980 labarin kokawar Turawa da ya kalla a talabijin. Da wuya ya tuna wa ya ka da wa, amma kayan jikinsu zai zayyana maka su tiryan-tiryan. Zai kawo maka Mil Mascaras, mutumin Meziko da ba ya bari a ga fuskarsa, yau ya rufe ta da wannan zane gobe da wancan. Zai kawo Mighty Igor, ƙaton nan mai gemu da ke shigowa da singileti da guntun wando. Waɗannan biyun ma sun taka ƙasar nan, domin Power Mike, wato Michael Okpala, wanda ya yi zaman sana'ar taya a Kano kafin ya yi suna, shi ya riƙa gayyato irinsu bayan ya ajiye kokawa a 1976. Daga baya sai ga Hulk Hogan da rawaya da ja yana yaga rigarsa, sai Undertaker a 1990 da doguwar baƙar kwat da malfa. Jos kuwa ta riga sauran garuruwa samun idon ganin irin wannan ado, tun da gidan talabijin na Binuwai-Filato ne ya fara watsa hoto mai launi a Najeriya a 1975.

Ba sakaci ba ne da ɗan kallo ya riƙe kaya ya manta kaye. Haka aka gina abin. A kokawar Turawa an riga an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali. Abin da ake sayarwa labari ne, kuma sutura ce ke fara ba da shi. Kafin mutum ya kai hannu jikin abokin karawarsa, launin wandonsa da takalminsa da yadda ya jefar da alkyabbarsa sun gaya wa na kujerar ƙarshe ko wannan na kirki ne ko mugu, a yi masa tafi ko a yi masa ihu. Tela da mai zanen fuska abokan aikin marubucin wasan ne.

Inda abin ke yi mini ɗaci shi ne duk lokacin da suka tashi ɗinka wa Afirka riga. A 1982 aka ɗauki James Harris, haifaffen jihar Misisipi, aka yi masa fenti a fuska, aka zana masa taurari a ƙirji da jinjirin wata a tumbi, aka ɗaura masa bante mai zanen damisa, aka miƙa masa mashi da garkuwa, aka ce sunansa Kamala, wai daga dajin Yuganda aka samo shi. Yaran Gangare da na Unguwar Rogo a Jos sun kalle shi sun yi dariya, ba tare da sun lura da su ake yi ba. Kusan shekara arba'in bayan haka, a 2021, Apollo Crews, wanda mahaifinsa Tibi ne daga Binuwai, ya fito da mayafi kore da fari a wuya, ga mashi a hannu, har aka shirya masa wani wasa a babban taron kokawar Turawa na WrestleMania da aka kewaye dandamalin da ganguna. An samu ci gaba, ba shakka, domin wannan karon ɗan gida ne, kuma shi ya tafi da kambun. To amma mashin nan dai bai bar hannu ba. Mutumin Jos da ya yi maƙwabtaka da Tibi ya san su da zanensu mai ratsin baƙi da fari, bai san su da yawo da mashi ba.

A juyo gida. Ɗan kokawar Hausa ma yana da suturarsa, kuma ta fi ta Turawa tsufa nesa ba kusa ba, sai dai ba don ɗan kallo aka fara yin ta ba.

Tushenta walki ne: fatar akuya ko ta tunkiya da majemi ya jeme da bagaruwa har ta yi laushi, a ɗaura a ƙugu, a tsuke. Asalinsa kayan aiki ne, na manomi da maƙeri da maharbi, shi ya sa ya dace da wasan da ake yi bayan an kawar da amfanin gona. Hikimarsa a fili take: ba ya hana ƙafa buɗewa, ba ya yagewa idan an finciko, jikin sama kuma tsirara yake, ba abin da abokin karawa zai damƙa sai tsoka da gumi. Wasu sukan sa baduku ya tsattsaga bakinsa ya yi tuntaye, yadda idan ɗan kokawa ya taka rawa gaban makaɗi za a ga suna kaɗawa a cinyoyinsa.

A kan walkin ne ake jera sauran. Guru a ƙugu, kamar dunƙulalliyar igiya da aka lulluɓe da fata. Kambu a damtse, ya matse har jijiya ta tashi. Layu kuwa, wasu a wuya, wasu a haɗe da gurun, kowace 'yar murabba'i ce da aka naɗe rubutu ko saiwa a ciki, baduku ya ɗinke da jar fata ko baƙa. Ka duba su da kyau a jikin tsohon ɗan wasa: gefunansu sun yi sulɓi sun yi duhu saboda gumi, zaren wata ya tsinke an sake ɗaure shi da tsumma. Ba ya canza su don sun tsufa. Tsufan ne darajarsu. Wata ta kakansa ce, wata wani malami ya ba shi da sharaɗin kada ta taɓa ruwa. Idan ka tambaye shi me ke ciki, murmushi zai yi ya ce maka, "Tsari ne kawai." Ɗan dambe ya ƙara da naɗin hannu, tsumma a ciki, zare a waje, a yi ta zagayawa har dunƙulen ya yi tauri, ɗaya hannun kuma a bar shi buɗe don kariya.

Wa ake yi wa wannan shiri? Na farko abokin karawa, domin idan ya hango ka ɗauke da kaya niƙi-niƙi, zuciyarsa ta fara lissafin wanda ya tsaya maka, rabin ƙarfinsa ya tafi. Na biyu abin da ba a gani, sammu da baki da kambun baka. Ɗan kallo na uku ne. Malamai sun daɗe suna faɗa a kan layun nan, kuma a Jos faɗan ya fi zafi, tun da a nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978. Saurayin da ya taso yana jin wa'azi a kan shirka ba zai rataya guru da sakin jiki irin na kakansa ba. Ba ni da ta cewa a kan hukuncin, na malamai ne. Abin da na lura da shi kawai, ko wanda bai yarda laya tana aiki ba ya san tana aiki a idon wanda ya yarda.

Duk da bambancin manufa, a wuri ɗaya suturun biyu suka haɗu: kowacce suna ce. Kamar yadda ake gane Hogan daga nesa, haka 'yan kallo ke gane gwaninsu da yadda ya jera kayansa tun kafin maroƙi ya ambace shi. Kirari na kunne ne, walki da layu na ido.

Wannan sunan ne ke shuɗewa. Da kokawa ta shiga hannun hukumomin wasanni, sai aka kawo awon nauyi da alƙalin wasa mai usur da gajeren wando iri ɗaya, wannan ja wancan shuɗi, ko kowa da launin jiharsa. Dambe ma da ya hau YouTube, wandon ƙwallo da tambarin mai ɗaukar nauyi suka yawaita. Ban ƙi tsari ba, kuma cire duk wani abu mai tauri da zai ji wa mutum ciwo daidai ne. Amma ga abin mamaki: masu shirya wasannin nan suna son su kamo kokawar Turawa a farin jini, sai suka kwaikwayi fitilu da kyamara, suka watsar da ainihin abin da Turawan ke kashe kuɗi a kai, wato kowane ɗan wasa ya fita daban. Su can tela suke biya ya ƙago wa mutum tarihi. Mu nan mutum ya zo da tarihinsa a ƙugu, muna ce masa ya tuɓe ya sa wandon gwanjo irin na Kasuwar Katako ta Jos. Ga dukawan Naraguta nan kusa da jami'a, sun iya fata, amma jaka da takalmi da matashin kujera suka fi ɗinkawa, domin su ake saye.

Maƙwabta sun fi mu dabara. A Nijar, tun da aka fara gasar kokawa ta neman takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, gwamnati ce ke riƙe da wasan, da dokoki da alƙalai da talabijin, amma ba a kori walki ba: ana ɗaura shi a kan wandon, makaɗa na gefe, ɗan wasa ya zagaya fili da kayansa kafin a kira shi. Shi ya sa yaro a Damagaram ko Dosso ke iya kwaikwayon shigowar gwanin kokawarsu Isaka Isaka kamar yadda na Jos ke kwaikwayon John Cena. A Senegal kuwa, Mohamed Ndao da ake kira Tyson ya girgiza kokawarsu a shekarun 1990 lokacin da ya riƙa shigowa lulluɓe da tutar Amurka, dattawa suna ta tsaki, matasan Dakar suna ta shewa, kuɗin da ake biyan 'yan kokawa kuma ya yi sama a zamaninsa. Amma idan an zo kamawa, tutar gefe ake ajiye ta. Da ɗamarar zane irin ta kakanninsa da layunsa yake shiga, haka ma duk wanda ya kara da shi.