Wanda Yunwa Ta Tura Bai Sa Kai Ba

Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013, ƙungiyoyin agaji suka yawaita a Marwa. Samarin unguwar Dugoi da suka gama Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, sukan shiga aikin sa kai domin ba su sami wani aiki ba. Suna yawon ƙauyuka cikin rana, ana ba su kuɗin mota, suna sa ran wata rana a ɗauke su.

Taimakon mabukaci abin yabo ne. Amma ƙungiyar da take biyan manyanta albashi, ta bar yaro shekaru bisa alkawari, ta ci guminsa. Ko dai a biya shi, ko a koya masa sana'a.