Bayani a kan kalmar “mushe” a babin yanka

Ka sani, ya kai ɗalibi, mai wannan kundi, Allah ya jiƙansa, ya fassara “al-maitatu” da “mushe” a gefen shafi. Sai wani alƙalami na baya ya ƙara “gawa” a ƙarƙashinta. Na farko ya dace, na biyu ya yi kure. Gawa ta ɗan Adam ce, ita ake wa wanka da salla. Bahaushe ba ya ce wa mutum mushe sai da nufin wulaƙanci. Kada kuma kamannin rubutu a ajami ya sa ka karanta ta “maita” irin ta mayu, babu abin da ya haɗa su.

Sai dai mushen malamai ya fi na kasuwa faɗi. A bakin jama'a, mushe shi ne abin da ya mutu don kansa. A fiƙihu kuwa, duk dabbar tudu da ta mutu ba da yankan shari'a ba mushe ce, ko da jikinta da ɗumi. Haramcinta ya zo a Baƙara 173, Ma'ida 3, An'am 145 da Nahli 115. Ayar Ma'ida ta ambaci wadda ta shaƙe, wadda aka buge, wadda ta faɗo daga bisa, wadda 'yar'uwarta ta tunkuya, da wadda naman daji ya ci, in ba an riske ta an yanka ba.

Inda mai kundin ya taƙaita har ya bar ƙofar ruɗu shi ne cewarsa mushen ruwa halal ne. Asalin hukuncin ingantacce ne, hadisinsa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Amma mu mutanen Harobanda, da ke kwana a bakin kogin Kwara, dole a warware mana shi. Abin nufi shi ne abin da rayuwarsa take cikin ruwa, kamar kifi. Wurin mutuwa ba shi ne ma'auni ba. A ambaliya irin ta 2020, tunkiyar da ta nutse mushe ce haramtacciya ko da an tsamo ta daga tsakiyar kogi, kuma sa mata wuƙa bayan rai ya fita ba ya halatta ta. Mahaucin da ya rataye ta ya ci amanar Musulmi.

Haka fara: a Malikiyya sai an kashe ta da niyya, ko da wuta ko da ruwan zafi. Wadda aka tsinta matacciya ba a ci.

Fatar mushe kuwa, Risala ta Ibn Abi Zaid ta yarda a yi amfani da ita bayan jima, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Wanda yunwa ta kai shi bakin halaka, an yi masa rangwame ya ci.

Allah shi ne mafi sani.