Baƙar ledar gilashi a hunturu: sanyi ne matsalar, ko ƙura?

Idan ka leƙa bidiyoyin YouTube kan liƙa wa gilashin mota baƙar leda, za ka ji ana ta gargaɗi cewa kada a liƙa lokacin sanyi. Maganar tana da tushe, amma ba da mu aka yi ta ba.

Ruwan sabulu ake fesawa kafin a ɗora ledar, a matse shi da roba. Ɗan abin da ya maƙale sai ya bushe kafin gam ya kama sosai. Sanyi na jinkirta wannan bushewar, aikin 'yan kwanaki ya koma na makonni. A Kanada, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 0 har ruwa ya daskare, dole a shige gareji mai ɗumi.

To, Kano fa? Hunturunmu busasshe ne, da rana ma zafi kan kusanci digiri 30. Ruwan zai bushe. Abin da masu bidiyon ba su cika damuwa da shi ba shi ne ƙura irin tamu. Ƙwaya ɗaya ta shiga tsakanin leda da gilashi, ta zauna ke nan. Hazo-hazon da za ka gani a makon farko ruwa ne, zai wuce da kansa. Tabon ƙura kuwa, sai an ɓare ledar.

Saboda haka kar ka yarda a liƙa maka a bakin titi, kuma ka bar gilashin a rufe na 'yan kwanaki.