Kanta ba ya bukatar rigar Sarki Arthur

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a Gidan Igwai nan Sakkwato, ɗan yayata ya zo da gudu yana miƙo mini waya. "Kawu, ga Kanta!" in ji shi. Na karɓa. Abin da na gani wani ƙato ne cikin rigar ƙarfe mai sheƙi daga wuya har idon sawu, riƙe da takobi irin na Turawan da, bayansa wata fada mai hasumiya masu tsini da ciyawa shar kamar a Ingila. Murya tana ta kirari, hoton kuwa kwamfuta ce ta ƙera shi. Yaron sai murna yake yi, ni kuwa jikina ya yi sanyi.

Wannan ne yayin da ake ciki yanzu. Matasa sun dawo kan labaran mazan jiya, suna haɗa gajerun bidiyo a TikTok da YouTube kan Bayajida da rijiyar Kusugu, kan Sarauniya Amina, kan Bawa Jangwarzo da Alƙalawa. Ina yaba musu, tsakani da Allah. Shekaru da dama yaranmu sun fi sanin Merlin da Sarki Arthur, saboda shirin BBC da aka yi daga 2008 zuwa 2012 wanda ya zaga wayoyi har lungunan unguwarmu. Yau ga shi suna tambayar wane ne Kanta. Damuwata ita ce masu wannan aiki suna ɗauko mutanenmu suna tura su cikin kayan aro, kamar ba za su burge ba sai sun yi kama da jaruman Birtaniya.

Shi Arthur ɗin nan, masana tarihin ƙasarsu har gobe suna gardama kan ko an taɓa yin sa. Wanda ya fi kowa yaɗa labarinsa, Geoffrey na Monmouth, ya rubuta littafinsa wajen 1136, kusan shekara 600 bayan zamanin da ake cewa sarkin ya rayu. Daga baya aka buga na Thomas Malory a 1485. Kowane marubuci ya ƙara nasa gishiri, amma sun ɗaure labarin da ƙasarsu, da duwatsunta da gaɓar tekunta, har yau mutane na biyan kuɗi su shiga kufan Tintagel saboda an ce can aka ɗauki cikinsa. Abin koyi ke nan a wurinsu, mu kuma sai muka kwaso rigar ƙarfen muka bar dabarar.

Muhammadu Kanta fa mutum ne da tarihi ya tabbatar. Abdurrahman Sa'adi na Tumbutu ya kawo shi a Tarikhus Sudan, inda ya faɗi yadda ya raba gari da Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516 bayan yaƙin Agadas, kan rabon ganima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi maganarsa a Infakul Maisuri. Sannan ga Surame, birnin da ya gina, tana nan yamma da mu ta wajen Binji, ganuwarta ta dutse ba ta gama faɗuwa ba duk da an tashi daga garin tun farkon ƙarni na 18. Wanda ke neman bangon dutse don bidiyonsa me zai kai shi Ingila? Ya hau mota da safe, kafin azahar yana tsaye a gabansa. Kayan yaƙin mutanensa Kabawa da tamburansu kuwa suna Gidan Tarihin Kanta a Argungu.

Mayaƙin ƙasar nan yana da nasa kwarjini: lifidi mai kauri da ke rufe doki da mahayinsa, sulke, kwalkwali, garkuwar fata, kwari da baka, layu a damtse, ga maroƙa da makaɗa a baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a hawan sallah ya ga 'yan lifida sun wuce ya san abin da nake nufi. Kwamfutar da ke zana hotunan nan an cika ta da zane-zanen Turai, don haka idan ka ce mata jarumi, nata jarumin za ta ba ka. Laifin na mai karɓa ne ba tare da ya duba ba.

Akwai kuma wani abu. Kakanninmu sun raba tatsuniya da labari. Idan tsohuwa ta buɗe da gatanan gatananku, kowa ya san Gizo da Ƙoƙi ne ke tafe, ba a rantsuwa a kai. Yanzu sai ka ji an haɗa aljanu da shekarar yaƙi a numfashi ɗaya, an laƙa masa suna "tarihin da aka ɓoye muku". Yaro ɗan shekara goma ba shi da yadda zai tace.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, kada ku daina, muna kallo kuma 'ya'yanmu na haddacewa. Amma kafin ku saki bidiyo na gaba kan Kanta, ku leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan Sakkwato ku yi tambaya, sannan ku je Surame ku ɗauki hoton ganuwar da idonku.