Mai Bincike Ɗan Gari: Armashin Labarin Bin Diddigin Kisan Kai da Gurbinsa a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wani reshe na ƙagaggen labari wanda ya yi tashe a adabin duniya, amma har yanzu bai zauna da gindinsa a rubutun zube na Hausa ba. Reshen kuwa shi ne labarin da ake yin kisan kai a wani ƙaramin gari, a rasa wanda ya aikata, kana wani mutum wanda ba ɗan sanda ba, ba kuwa alƙali ba, ya bi diddigi da hankalinsa har ya gano mai laifin. Wannan tauraro shi muka kira mai bincike ɗan gari. Za mu fara da bayyana sigar labarin, sa'an nan mu nemi dalilin da ya sa yake da armashi ga masu karatu. Daga nan sai mu auna shi da rayuwar garuruwa biyu na Jihar Kabi, watau Gwandu da Kalgo, domin mu ga ko zai karɓu a ƙasarmu, da kuma irin gyaran da zai bukata.

2.0 Sigar Labarin

Manazarta sukan danganta mafarin labarin bin diddigi ga marubucin Amurka Edga Alan Fo, a wani gajeren labari da ya buga a 1841. A 1887 Shalok Homs ya bayyana a Ingila. To, amma sigar da muke magana a kanta ta fi cika a hannun Agata Kiristi, wadda ta rayu daga 1890 zuwa 1976. Ita ce ta ƙagi Mis Mapul, wata tsohuwa mai saƙa wadda ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ɗan ƙauye. Littafin farko da ta zama tauraruwarsa ya fito a 1930, kuma an yi littattafai 12 a kanta, ban da gajerun labarai.

Abubuwa huɗu ne suka bambanta wannan siga da sauran labaran ta'asa. Na ɗaya, wurin ƙarami ne, kowa ya san kowa, don haka waɗanda za a zarga ƙidayayyu ne. Na biyu, ba a nuna zubar da jini a fili. Gawa kawai ake tararwa. Na uku, makamin tauraro shi ne lura da sanin halin mutane. Na huɗu, marubuci ba ya ha'intar mai karatu. A 1929 Ronal Noks ya tsara ƙa'idoji goma na wannan fanni, daga cikinsu akwai cewa dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada a warware matsala ta hanyar aljanu ko tsafi, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu ita.

3.0 Inda Armashin Yake

Armashi na farko irin na ka-cici-ka-cici ne. Bahaushe ya san daɗin a ɗaura masa tambaya, ya yi ta laluben amsa, in ya gaza ya ba da gari. Abin da ke sa ka-cici-ka-cici daɗi shi ne amsar tana cikin tambayar tun farko, idan aka faɗe ta sai mutum ya ji haushin kansa da bai gano ba. Haka wannan labari yake, illa dai an shimfiɗa shi a shafuffuka da yawa. Mai karatu abokin takarar mai bincike ne, kuma ko ya ci ko an cinye shi, ya sami abin da ya zo nema.

Armashi na biyu yana ga tauraron kansa. Ɗan sanda baƙo ne a gari, an turo shi ne, gobe kuma a ɗauke shi. Yana da iko, amma mutane suna ganinsa sai baki ya mutu. Ɗan gari ba shi da iko ko kaɗan, sai dai ya san wanda ake bi bashi, da wadda aka hana auren wanda take so, da gonar da ake rigima a kanta shekara ashirin. Dabarar Mis Mapul ke nan: duk wanda ta gani sai ta kwatanta shi da wani da ta sani a ƙauyensu, domin a ganinta halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Jami'ai suna raina ta, wannan rainin kuwa shi ne garkuwarta, don ba mai ɓoye magana a gaban tsohuwar da ke ƙirga zarenta. Mai karatu yana jin daɗin ganin wanda aka raina ya yi abin da masu kaki suka kasa.

Armashi na uku shi ne na dawowar natsuwa. Kisa a ƙaramin gari yana ɓata zama gaba ɗaya, domin muddin ba a san mai laifi ba, kowa abin zargi ne. Ranar da aka gano mutum ɗaya, an wanke sauran duka. A ganinmu wannan wankewa ta fi kamun mai laifi muhimmanci a zuciyar mai karatu.

Akwai masu suka. A 1945 Edman Wilson, wani mai sharhin adabi a Amurka, ya yi kaca-kaca da wannan fanni, yana ganin ɓata lokaci ne, kuma taurarinsa ba su da zurfi. Akwai ƙamshin gaskiya a zancensa, domin sau da yawa mamacin ba ya wuce dalilin buɗe wasa, ba a ko yi masa kuka. Za mu koma kan wannan a gaba.

4.0 Halin da Ake Ciki a Adabin Hausa

Ta'asa ba baƙuwa ba ce a ƙagaggun labaranmu. Cikin littattafan da suka biyo bayan gasar 1933, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo wasan wayo ne tsakanin tauraro da ɓarayi. A Jiki Magayi na John Tafida da Dokta R. M. East akwai kisan kai, har ma ɗa ne ya kashe ubansa. A 1982 an sami Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a kan ta'addancin 'yan daba. Sai dai a dukansu mai karatu ya san mai laifi tun da wuri. Tambayar da ke jan labarin ita ce yaya ƙarshen mugu zai kasance. Wannan zubi ya dace da jigon gargaɗi wanda ya mamaye adabinmu, domin in ana son a nuna alhaki kuikuyo ne, dole a ga mai shi tun farko.

Maƙwabtanmu sun riga mu. A Suwahili, Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fito da Bwana Msa a 1960, mai bincike ne wanda ba ma'aikacin hukuma ba. A Yarbanci, Oladejo Okediji da Kola Akinlade sun yi littattafan bin diddigi tun daga ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970. Wannan ya nuna fannin yana iya sauya tufafi ya zauna a harshen Afirka.

Daɗin daɗawa, tushensa yana cikin karatun da muka gada. A Suratu Yusuf, wani daga cikin iyalin gidan ne, ba alƙali ba, ya ba da shawarar a duba ta inda rigar ta yage, ta gaba ko ta baya, aka gane mai gaskiya. Malaman fiƙihu sun yi magana mai tsawo a kan alamomin da ke kewaye da al'amari, da firasar alƙali, har sunan Alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya ya zama abin buga misali. A karkara kuma muna da masu bin sawu, waɗanda kan dubi ƙasa su faɗi inda aka bi da shanun sata.

5.0 Gwandu da Kalgo a Matsayin Dandali

Gwandu gari ne na malanta da shari'a. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mawallafin Liya'ul Hukkami, ya zauna yana riƙon yammacin daula, nan kuma hubbarensa yake, ko da yake fadar masarautar ta koma Birnin Kabi. Gari irin wannan yana da tsofaffin gidaje, da zumunci mai sarƙaƙiya, da gado, da asiran da aka daɗe ana rufewa. Kalgo kuwa tana dab da Birnin Kabi, ga fadama da noman shinkafa, ga kuma mazaunin jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 a kan hanyar Bunza, wanda ke jawo baƙi. Tsohon gari mai asirai da ƙaramin gari mai karɓar baƙi, duka biyun dandali ne da marubuci zai so.

To, wa zai zama mai binciken? A nan tsarin zamanmu ya ba marubuci abin da Agata Kiristi ba ta samu ba. Ɗan sanda namiji iyakarsa zaure. Amma dillaliya tana shiga kowane gida, ta san wadda ta sayar da 'yan kunnenta a ɓoye da ranar da ta sayar. Ungozoma ta san abin da ba a faɗa wa maza. Wanzami yana jin hirar masu gida, ladan ya san wanda ya saba sahun farko da asuba amma ran nan bai zo ba. Fiye da kowa akwai mai wankan gawa. Tun da yake muna gaggauta jana'iza, kuma ba a faye kai mamaci asibiti a bincika ba, idonta ne na ƙarshe da ke ganin jikin.

A ɗauka, alal misali, wata amarya ta rasu farat ɗaya a gidan wani manomin shinkafa, aka ce kwana ne ya ƙare, aka binne ta kafin azahar. Gari ya ɗauka cewa uwargida ce ta yi mata sammu. Tsohuwar da ta yi wankan ta ga wani tabo, kuma al'ada da addini sun ɗora mata rufe abin da ta gani. In ta yi shiru, za a hallaka uwargida da zargi; in ta yi magana, ta keta amanar sana'arta. Ga labari ya tashi, kuma nauyin da ke kan wannan tsohuwa ya fi wanda ke kan Mis Mapul.

6.0 Matsaloli da Gyare-gyare

Matsala ta farko ita ce ta sammu da maita. Mutanen cikin labari za su yi imani da su, kuma marubucin da ya share wannan ya yi wa al'umma ƙarya. Shawararmu ita ce a bar taurari su yi zarginsu, amma warwara ta zo ta hanyar abin da ido ya gani, hankali ya auna. Idan boka ne ya buga ƙasa ya faɗi mai laifi, an fitar da mai karatu daga takara, armashi na farko ya tafi.

Ta biyu ita ce ta ɗa'a. Tarbiyyarmu ta hana bin ƙwaƙƙwafi da mugun zato, tana kuma girmama rufin asiri. Mai binciken da ke shisshigi don jin daɗi kawai, mai karatu Bahaushe zai ɗauke shi magulmaci. Dole a ba shi dalili mai ƙarfi, mafi kyawunsa kuwa shi ne kuɓutar da wanda aka zarga bisa zalunci. Dole kuma ya zama mai riƙe abin da ya gano wanda bai shafi laifin ba.

Ta uku ita ce ta ƙarshen labari. Na Ingila yakan tsaya da zarar an ambaci sunan mai laifi. A fiƙihun Malikiyya da aka karantar a Gwandu, magana ba ta ƙarewa nan, domin magada suna da haƙƙi a jinin: ko ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Saboda haka labarin Hausa yana bukatar ƙarin babi, inda dangi za su zauna da gaskiyar da aka tono, wataƙila mai laifin ma ɗan'uwansu ne. Wannan babi shi ne amsarmu ga sukar Wilson, domin a cikinsa mamaci zai sami masu kuka, mutuwa ta riƙe kwarjininta.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa armashin wannan labari yana cikin wasa ƙwaƙwalwa, da nasarar wanda aka raina, da wanke marasa laifi. Mun ga kuma kayan aikinsa suna nan cikin karatunmu da sana'o'inmu da tsarin gidajenmu. Abin da ya sa muke ganin batun ya wuce na nishaɗi shi ne, a garuruwanmu har yau ana jin labarin wanda aka yi wa taron dangi a kan zargin sata ko maita, bayan ƙura ta lafa a rasa wanda ya ga komai da idonsa. Yaron da ya karanta littattafai biyar irin waɗannan ya koyi cewa wanda aka fara zargi sau da yawa ba shi ba ne, ya kuma saba da tambayar wa ya gani, yaushe, a ina. Don haka muna ba da shawara ga masu shirya gasar rubutu su ware wa wannan fanni gurbi, malaman kwalejojin ilmi kuma su sa ɗalibansu gwada shi a darasin rubutun zube, kowa ya ɗauki garinsu ya zama dandali.