PES: wasan da Konami ya sauya wa suna, samari suka ƙi saki

A rumfunan wasan bidiyo, daga Yamai da Maraɗi da Kano har ƙananan garuruwan ƙasar Kurfai da Imanan, irin su Filinge da Bonkuku, ƙwallon ƙafa ce ke jan kasuwa. Shekaru da dama sunan da ke bakin samari shi ne PES, na kamfanin Konami da ke Japan. Tarihinsa ya isa ya nuna yadda kamfanoni ke yi da wasan da ciniki ya juya wa baya.

PES ya daɗe yana shan kaye a hannun FIFA na kamfanin EA. Ba rashin daɗi ne ya kayar da shi ba, don da yawa sun fi son yadda ƙwallo ke tafiya a cikinsa. Kuɗin lasisi ne ya gagara. Shi ya sa a da aka riƙa ganin Man Red a madadin Manchester United. A 2018 ma ya rasa gasar zakarun Turai, EA ya ɗauke. Konami bai rufe shago ba. Ranar 30 ga Satumba 2021 ya fito da eFootball a madadin PES, kyauta, amma ɗanye: fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin dariya, har sai da kamfanin ya nemi afuwa. Duk da haka ya ci gaba da gyara, ya mai da ƙarfinsa kan salula, inda ake sayen ƴan wasa kaɗan-kaɗan a kullum.

Nan ne asirin yake, a ganina. Wasan da za a iya tatsa kowace rana ana yi masa haƙuri ko ya fara da tuntuɓe. Wanda ake saye sau ɗaya a gama, ba a cika ɗaga masa ƙafa ba. Prince of Persia: The Lost Crown ya fito a Janairun 2024, ya sha yabo, amma kafin shekara ta ƙare Ubisoft ya rarraba ma'aikatansa zuwa wasu ayyuka. Shi kansa Konami ya soke Silent Hills a 2015, ya jingine sunan shekaru da dama, kafin a sabunta Silent Hill 2 a 2024. Kamfani ba ya yawan kashe suna. Barinsa yake kamar saurar gona, bai noma ba, bai kuma ba wani aro ba.

Sai dai lissafin kamfani daban, rayuwar wasa daban. PES 2014 ne na ƙarshe a kan PlayStation 2, amma masu sha'awa ba su daina yi wa tsofaffin faifai kwaskwarima ba, suna saka sababbin ƴan wasa da riguna kowace kaka. A Brazil, Bomba Patch ya yi suna da wannan sana'a. Irin waɗannan kwafe-kwafe ne ke yawo a kasuwanninmu, kuma ko dala ɗaya ba ta isa Tokyo, don haka mai wasa a Imanan bai taɓa shiga ƙidayar da ake yanke hukunci da ita ba. Tsohon PES inji ko hasken rana kawai yake buƙata da talabijin. Shi kuwa eFootball, wanda kamfanin ya zaɓa ya raya, yawancin sassansa sai da intanet, abin da a karkarar Tilaberi yake da tsada, ga yawan katsewa.